Waya Ta Ce Nan, Kamfas Ya Ce Can: Wai Da Gaske Arewa Tana Gusawa?

Idan GPS na waya ko na mota ya nuna maka arewa, sai ka ɗauko kamfas mai allura shi kuma ya nuna wani gefen daban, wanne ne a cikinsu ya yi ƙarya? Sannan maganar nan da ke ta yawo a WhatsApp, wai arewar duniya ta tashi daga Kanada ta nufi Rasha saboda haka alƙiblar masallatanmu duk ta sauya, ina gaskiyarta?

Ni dai abin ya fara tsaya min a rai ne ranar da ake fitar da harsashin wani ɗan masallaci a unguwarmu can bayan Samaru. Birkila ya riƙe igiya da turaku yana jira a nuna masa inda zai ja layin gaba, samari uku kowa ya zaro wayarsa ya buɗe manhajar alƙibla, sai ga kibiya uku kowace da inda ta dosa. Ɗaya ya ɗora tasa a kan tarin rodi wai don ta zauna daram, ɗaya yana jingine da mashin ɗinsa, na ukun wayarsa na cikin irin rigar nan mai murfi da ke mannewa da kanta. Dattijon da ya ba da filin ya juyo ya ce min, "Malam, ku da kuka yi boko, wacce za mu bi?" Na ce, "Baba a ɗan yi haƙuri, su fito da su tsakar fili tukuna, nesa da ƙarafan nan." Da aka yi haka biyu suka dawo kusan wuri ɗaya, ta ukun kuwa sai da aka zare ta daga rigarta sannan ta bi sahu. Wani daga gefe ya ce ai duk arewar nan ce da aka ce tana tafiya. To ba ita ba ce ta raba wayoyin ranar. Amma tafiyar tata ma gaskiya ce, kuma akwai mutane a garin nan da aikinsu kullum sai sun yi lissafinta.

Arewa biyu ce, ba ɗaya ba

Akwai arewa ta gaskiya, wato can ƙololuwar duniya inda take juyawa a kansa kamar yadda dutsen niƙa ke juyawa a kan turkensa. Wannan ita ce arewar taswira, ita ce arewar rana da taurari, kuma ita GPS yake aiki da ita. Ba ta zuwa ko'ina.

Sai kuma arewar maganaɗisu, wadda allurar kamfas take bi. Ita wannan daga cikin ƙasa take fitowa. Kimanin kilomita 2,900 ƙarƙashin ƙafarmu akwai narkakken ƙarfe da ke ta motsi kamar kunu a tukunya kan wuta, motsin nan nasa shi ke haifar da maganaɗisun da ya lulluɓe duniya, kuma tunda abu ne mai gudana ba daskararre ba to dole siffarsa ta riƙa canzawa a hankali. A 1831 wani Baturen Ingila James Clark Ross ya iske cibiyar wannan arewar a can arewacin Kanada. Tun daga lokacin take tafiya, a farko a hankali, daga baya ta ƙara mai har ta kai wajen kilomita 55 a shekara, yanzu ta ɗan rage zuwa kusan 35, kuma ɓangaren Saberiya ta Rasha ta nufa. Wannan ɓangaren na saƙon WhatsApp ɗin gaskiya ne.

Kusurwar da ke tsakanin arewa ta gaskiya da inda allura ta nuna a wurin da kake tsaye, ita ce abin da matuƙan jirgi ke ce wa bariyeshin, 'yan safiyo kuma su ce dikilineshin, abu ɗaya ne. Ni a nan zan kira ta karkatar ƙasa, don daga ƙasa take. Idan allura ta kauce zuwa hannun gabas sai a ce karkatar gabas, idan yamma ta yi a ce ta yamma.

Wani abu da mutane ke kuskurewa, allurar ba wai tana hango waccan cibiyar ba ce daga nesa tana nuna ta kai tsaye, a'a, layin maganaɗisun da ya ratsa ta inda take shi take kwanciya a kai, kuma layukan nan a lanƙwashe suke. Shi ya sa kowane gari da tasa karkatar. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ta kai wajen digiri 25 zuwa yamma, a Niyok ta Amurka wajen 12 ko 13 yamma, a Makka kuma 'yan digiri uku zuwa huɗu ne gabas.

Kuma fa ba yau aka gano wannan ba. Wani masanin ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya rubuta tun 1088 cewa allurar ba ta nuna kudu cif, tana ɗan kaucewa. Mutanen Landan da suka daɗe suna aunawa suna ajiyewa sun ga ta tashi daga wajen digiri 11 gabas a 1580, ta zo sifiri wajen 1660, ta wuce har digiri 24 yamma wajen 1820, sannan ta juyo, a 2019 ta sake zama sifiri a unguwar Girinwic ta Landan. Ka ga kenan duk takardar da aka rubuta karkata a kai ba a rubuta shekara ba, rabin bayani aka ba ka.

Abin da GPS ya sani da wanda bai sani ba

Nan ne rikicin ya fi yawa. Taurarin ɗan adam na GPS suna can sama wajen kilomita 20,200, abin da suke aiko wa na'urarka kawai shi ne lokaci da kuma inda suke, ita kuma idan ta kama huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take a doron ƙasa. Wuri kawai. Ba su san ina fuskarka take kallo ba, ba su da wata alaƙa da maganaɗisu ko kaɗan.

To ta yaya kibiyar taswira a mota take sanin ka nufi Kwangila ne ba PZ ba? Ta hanyar kwatanta inda kake ɗazu da inda kake yanzu. Ta ga ka gusa daga nan zuwa nan, sai ta ja layi ta ce ga inda ka dosa, kuma wannan layin da arewa ta gaskiya take auna shi. Da zarar ka tsaya cak a cikin gosulo, lissafin ya mutu, shi ya sa wani lokaci za ka ga kibiyar tana ta juye-juye ita kaɗai ko ta maƙale a inda ta tsaya. Idan kana tsaye wayarka ta nuna maka arewa, ba GPS ne ya nuna ba, wani ɗan mitsitsin ma'aunin maganaɗisu ne a cikin wayar, wato kamfas ne shi ma, da duk lalurorin kamfas. Aikin GPS a nan shi ne ya gaya wa wayar garin da take don ta san nawa za ta gyara.

Sannan ko kana tafiya ma, inda hancinka ya dosa daban, inda ƙafarka ta bi daban. Duk wanda ya taɓa kallon mai kwalekwale yana haye Galma da damina ya ga wannan, hancin jirgin yana kallon sama da inda za shi, amma ruwa yana tura shi yana tafiya a karkace har ya sauka daidai mashigi. Kamfas hancin yake faɗa, GPS kuma sawun. Jirgin sama a cikin iskar hunturu haka yake, lambobin biyu za su iya bambanta da digiri da yawa alhali kowanne gaskiya ya faɗa. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗora laifin a kan karkatar ƙasa ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Yadda ake gyaran

Lissafin kansa ba wuya, ruɗewa ce ke da sauƙi. Daga arewa ake fara ƙirga sifiri, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Idan GPS ya ba ka lamba ta gaskiya kana so ka bi ta da kamfas: karkatar yamma ƙarawa ake yi, ta gabas ragewa. Idan daga kamfas za ka koma taswira sai ka juya, ta gabas ka ƙara, ta yamma ka rage.

Mu ɗauki misali. Daga Zariya zuwa Kano a miƙe wajen digiri 41 ne na gaskiya, tafiyar kilomita 135 ko kusa da haka. A ce karkatar wurin digiri 5 ce yamma, to a kamfas 46 za ka riƙe. Idan ka manta ba ka gyara ba ka riƙe 41, ka kauce da digiri 5. Idan kuwa ka gyara amma ka juya lissafin ka rage maimakon ƙari ka riƙe 36, to ka kauce da digiri 10, ka ninka ɓarnar da hannunka, kafin ka yi tafiyar da ya kamata ta kai ka Kano kana gefe da fiye da kilomita 20. Matuƙa suna da wata ƙa'ida ta ka da suke riƙewa, kowane digiri ɗaya na kuskure yana kauce da kai mil ɗaya a cikin tafiyar mil 60.

Na'urorin zamani su suke yin wannan lissafin da kansu, don a cikinsu akwai wani jadawali na karkatar duk duniya, wanda aka fi amfani da shi sunansa WMM, hukumar NOAA ta Amurka da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya ne ke fitar da shi duk shekara biyar. A farkon 2019 sai da suka yi gyaran gaggawa kafin wa'adi don arewar ta yi gudun da ya wuce hasashensu, na yanzu kuma a Disambar 2024 ya fito zai kai ƙarshen 2029. Wato lambar maganaɗisu da GPS ke nuna maka ba aunawa ya yi ba, daga jadawali ya ciro, in jadawalin tsoho ne to tsohuwar amsa zai ba ka. Tsofaffin GPS na hannu da ake sayowa 'yan kwatano, waɗanda ba a taɓa sabunta manhajarsu ba, suna da wannan matsalar.

Kuskuren da na fi gani kuwa shi ne gyara sau biyu. Na'ura ta riga ta gyara, mutum bai duba ba, ya sake ƙara nasa a kai. Kafin ka taɓa komai duba jikin lambar, akwai harafin T ko M a gefe? T ta gaskiya ce, M ta maganaɗisu. A iPhone akwai wurin da ake kunna arewa ta gaskiya a saitin kamfas, GPS na hannu irin su Garmin ma suna da wurin zaɓen arewar da kake so. Mutum biyu da ke aiki tare ɗaya na kan T ɗaya na kan M, za su yi ta musu har la'asar kowa yana rantsuwa da na'urarsa.

To mu nan Zariya nawa ce?

A 'yan shekarun nan kusan sifiri ce, ba ta wuce digiri ɗaya ba. Layin da arewa biyun ke haɗuwa a kansa ya ratso ta yankinmu, mun taki sa'a kenan a wannan zamanin. Shekarun baya ba haka ba ne, Najeriya gaba ɗaya karkatar yamma take da ita ta digiri da dama, tana raguwa kaɗan-kaɗan duk shekara har muka iso inda muke, kuma ba tsayawa ta yi ba, wucewa take yi ta ɓangaren gabas.

Ma'anar wannan ita ce, idan a Sabon Gari ko Tudun Wada ka ga waya da waya sun saɓa da digiri 10 ko 20, kar ka kai ƙara wajen Saberiya, mai laifin yana kusa da kai. Wannan ita ce karkata ta biyu, 'yan jirgi na ce mata dibiyeshin, ni zan ce karkatar ƙarfe. Rodin da ke cikin dakali, kwanon rufi, ƙofar ƙarfe, janareto, lasifikar masallaci da ke da ƙaton maganaɗisu a bayanta, wayar wuta, tiransifoma, jikin mota, makullai, har da agogon hannu. Maganaɗisun duniya ai ba ƙarfi gare shi ba, ɗan maganaɗisun da ke murfin rigar waya ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba idan yana manne da ita. Babu wani jadawali da zai gyara maka wannan, sai dai ka matsa daga wurin, ka cire rigar, ka riƙe wayar a kwance, ka kuma juya ta a iska kamar kana zana lamba 8 don ta daidaita kanta. A Google Maps idan ka ga hasken shuɗin da ke gaban ɗigon ya yi faɗi sosai, wayar ce ke gaya maka ita ma ba ta tabbata ba.

'Yan jirgi da lambobin kan kwalta

Mu a Zariya ƙarar ƙananan jiragen koyo ba baƙuwarmu ba ce, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana nan tun 1964, kuma duk ɗalibin da ya shiga sai ya sha wannan lissafin tun a aji kafin ya taɓa jirgi, daga lamba ta gaskiya a kan taswira, a gyara iska, a gyara karkatar ƙasa, a gyara karkatar ƙarfen jirgin da kansa wadda ake rubutawa a ɗan kati a manna kusa da kamfas. Dalili kuwa har yau harkar jiragen sama a kan arewar maganaɗisu take tafiya. Mai kula da zirga-zirga in ya ce ka juya 270, ta maganaɗisu yake nufi. GPS na jirgi ta gaskiya yake lissafawa a cikinsa sannan ya mayar ta maganaɗisu kafin ya nuna wa matuƙi. Hatta iska, rahoton yanayi da ake rubutawa da arewa ta gaskiya ake ba da shi, amma wadda hasumiya ke faɗa wa matuƙi ta rediyo lokacin sauka ta maganaɗisu ce.

Manyan lambobin nan da ake rubutawa da farin fenti a bakin titin jirgi ma daga nan suke. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano 06 ne ta gefe ɗaya, 24 ta ɗaya gefen, wato wajen digiri 60 da 240 a kamfas, an cire sifirin ƙarshe. Kwalta ba ta motsi amma lambar tana tsufa. Titunan filin jirgin Legas da ake kira 19 a da, yanzu 18 ne. Titin filin jirgin Stansted na Landan ya koma 04 da 22 daga 05 da 23 a 2009, Tampa ta Amurka ma sun yi nasu a 2011. Kuma ba fenti kaɗai ba ne, alluna, taswirori, bayanan cikin kwamfutar kowane jirgi, duk sai an bi an canza.

Wannan wahalar ce ta sa ake ta muhawara yanzu. Hukumar kula da sararin samaniyar Kanada ce kan gaba wajen kiran a watsar da arewar maganaɗisu a koma ta gaskiya gaba ɗaya, har suna ambaton 2030, kuma maganar tana gaban ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a can arewacin ƙasarsu dama kamfas ba ya aiki yadda ya kamata tuni suka koma ta gaskiya, manyan jiragen ruwa ma sun daɗe da komawa, manyan jiragen sama da ta gaskiya suke lissafi a ciki, to me ya sa za a riƙa mayar da amsa mai kyau zuwa ma'aunin da ke gusawa, ga kuɗin sabunta jadawali, ga hatsarin jirgi ɗaya na'urori biyu kowace da jadawalin shekara daban. Masu ɗari-ɗari kuma suna cewa ƙananan jirage da tsofaffi fa, irin waɗanda kamfas ne madogararsu, wa zai biya musu kuɗin canji, kuma ranar da za a yi sauyin dole duniya ta yi shi tare in ba haka ba wani na kan tsohuwar lamba wani na kan sabuwa a sama ɗaya.

Ni a ganina komawa ta gaskiyar ya fi, kuma ƙasashe irin namu da karkatarsu ke kusa da sifiri su ne sauyin zai fi zo wa da sauƙi. Amma ban yarda a daina koyar da lissafin ba ko a cire kamfas daga jirgi. Ana toshe siginar GPS ana kuma yi mata kutse a yankunan yaƙi irin Gabas ta Tsakiya da kewayen tekun Baltik, matuƙa suna ta kai rahoto. Guguwar maganaɗisu da ta taso daga rana a Mayun 2024 ta rikita GPS na taraktocin manoma a Amurka ana tsakiyar shuka. Kamfas mai allura ba ya neman batir ba ya neman sigina.

Tsohuwar takardar fili

Wannan ya shafi talaka kai tsaye. Tsofaffin taswirori sukan zo da kibiyoyi a gefe, ɗaya arewa ta gaskiya, ɗaya ta maganaɗisu da shekarar da aka auna da yadda take canzawa duk shekara, wata kuma arewar layukan taswirar ce da 'yan safiyo ke aiki da ita, wadda a nan Zariya bambancinta da ta gaskiya bai kai rabin digiri ba. Idan iyakar gona an auna ta da kamfas shekara hamsin da suka wuce, yau magada suka ɗauko lambar nan suka bi ta da waya, layin ba zai faɗa inda ya faɗa a da ba. A fuloti mai hamsin da ɗari, digiri 5 a tsawon ƙafa 100 ya kusa ƙafa 9 a ƙarshen layin, ƙafa tara kuwa ta isa ta raba zumunci. A gona mai tsawon mita 500 ya haura mita 40.

Ga kuma wani tarkon daban da ba na maganaɗisu ba, tsofaffin lambobin safiyo na Najeriya a kan tsarin auna wuri da ake kira Minna aka yi su, waya kuma da na duniya mai suna WGS84 take aiki, tsakaninsu akwai gomman mitoci, ga ita kanta wayar tana da kuskuren 'yan mitoci. Don Allah kar a tayar da katanga ko a tuge shaidar siminti saboda abin da waya ta nuna, a nemo safiyo mai rajista da kayan aikinsa.

Alƙibla fa?

Alƙibla ba ta gusa ba, ba kuma za ta gusa don arewar maganaɗisu ta yi tafiya ba. Ka'aba tana inda take, Zariya tana inda take, layin da ke tsakaninsu lissafin taswira ne da arewa ta gaskiya, kuma daga nan wajen digiri 67 ne, nisan kusan kilomita 3,600. Abin da ke canzawa shi ne lambar da kamfas zai nuna idan ka fuskanci wannan layin, ita ma a nan kusan ɗaya suke yanzu. Masallacin da aka daidaita shi daidai shekara ɗari da suka wuce yana nan daidai yau.

Sai dai a lura, mun saba cewa a fuskanci gabas, amma gabas cif 90 ce, alƙiblarmu kuma 67, wato sai ka karkata hagu wajen digiri 23 daga gabas. Wannan tazarar ta ninka karkatar ƙasarmu sau fiye da ashirin, ita ya kamata mai gini ya fi damuwa da ita. Mafitar rana ma ba wuri ɗaya ba ce, da damina tana fitowa ta gabas maso arewa kusa da alƙibla, da hunturu ta koma gabas maso kudu, wanda ya ja layi da fitowar rana a Disamba ya yi nisa sosai.

Inda karkatar ƙasa ke cizo shi ne in an yi tafiya. Ɗanmu da ya je karatu ko kasuwanci Kef Tawun, alƙiblar can wajen digiri 23 ce ta gaskiya, in ya ɗauko kamfas mai allura irin na jikin darduma ya riƙe 23 ba gyara, to arewa sak ya fuskanta, abin da ya kamata ya riƙe yana wajen 48. Musulmi sun daɗe da wannan aikin, Sarkin Yaman al-Ashraf Umar wanda ya rasu a 1296 ya rubuta yadda ake nemo alƙibla da allurar maganaɗisu a cikin tasar ruwa. Game da hukunci kuwa wannan fagen malamai ne, abin da muka taso muna ji a gabansu shi ne wanda yake nesa da Ka'aba jiha, wato ɓangaren da take, ake nema gare shi ba ainihin ginin ba, don haka ɗan digiri ɗaya ko biyu bai kamata ya zama abin raba sahu ko zargin limami ba. Amma sabon gini da ba a zuba kankare ba tukuna, me zai hana a yi shi daidai tunda da hali.

Hanyar da na ba Baba shawara ranar, wadda ba ruwanta da waya ko rodi, ita ce ta rana. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 agogon Makka, wato 10:18 na safe a nan, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27 nasu, 10:27 namu. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci ɓangaren da rana take ya fuskanci alƙibla. Sai a rataya igiya da ɗan dutse a ƙasanta a fili mai lebur, ta tsaya cak, a zana layin inuwarta a ƙasa, daga bakin inuwar zuwa gindin igiyar nan ne alƙibla. Matsalar kawai lokacin damina ne hadari na iya rufewa, amma kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta a daidai wannan lokacin ma yana bayarwa kusan daidai. Da yake ginin namu ba zai jira Mayu ba, birkila ya ja igiyarsa da abin da wayoyin suka haɗu a kai a tsakar fili, wajen 67, Baba kuma ya sa aka kafa ƙusa a jikin katangar maƙwabci aka rubuta ranar da gawayi a ƙasanta don a dawo a gwada da inuwa.